Yadda ake shirya musayar wuta a fim ɗin 'yan daba har mai kallo ya san wa ke harbin wa

Fitowar da aka fi kashe wa kuɗi a fim ɗin 'yan daba ita ce ta harbe-harbe, kuma sau da yawa ita ce masu kallo suka fi saurin mantawa. Za a ji ƙara ta cika ɗaki, gilasai na tarwatsewa, mutane na zubewa, amma da an fito ka tambayi mutum wa ya fara harbi, wa ya kashe ƙanen bos, sai ya yi shiru. Bai gane ba, kuma abin da mutum bai gane ba ba ya taɓa masa zuciya. Saboda haka aikin gaba ɗaya a kan abu guda yake: kowane lokaci mai kallo ya san inda kowa yake, abin da yake nema, da abin da zai rasa in harsashi ya same shi.

Fara da takarda, kafin bindiga

Kafin a nemo kayan aiki, zauna ka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da wannan faɗan zai canza a labarin. Misali: gungun farko sun zo karɓar jakar kuɗi a wani tsohon sito, sun fita ba jakar, kuma sun bar gawar ƙanen shugabansu. In ba za ka iya rubuta irin wannan jimla ba, faɗan ado ne kawai, cire shi.

Daga nan sai ka zana taswirar wurin kamar kana kallonsa daga sama. Sa ƙofofi, tagogi, motoci, ginshiƙai, da duk abin da mutum zai iya laɓewa a bayansa. Ba kowane ɗan wasa lamba. Sannan ka yanka faɗan gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da abu ɗaya da ya sauya: an rufe ƙofar fita, harsashin jarumi ya ƙare, wani ya zagayo ta baya, fitila ta mutu. Faɗan minti 2 yana ɗaukar gaɓa 5 zuwa 7. In sun fi haka mutane za su rikice, in ba su kai ba abin zai zama harbi ne kawai ana ta maimaitawa.

Kada mutanen da ake bi da ido su wuce 3 ko 4, ko da masu faɗan sun kai 20. Sauran cikon wuri ne. Kuma a raba ɓangarorin biyu da abin da ido zai kama nan take: waɗannan da duhun kaya, waɗancan da mai haske, ko waɗannan sun rufe fuska waɗancan ba su rufe ba. A hoton da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kalar riga ake gani kafin fuska.

Layin da ba a tsallakewa

A kan taswirar, ja layi miƙaƙƙe daga gungu na farko zuwa na biyu. Duk inda za a kafa kyamara, ta tsaya a gefe guda na wannan layi. Masu sana'ar suna kiran wannan ƙa'idar digiri 180. Amfaninta shi ne gungun farko kullum suna harbi daga hagu zuwa dama, na biyu daga dama zuwa hagu, sai ƙwaƙwalwar mai kallo ta haɗa su fuska da fuska ba tare da ya sani ba. Da zarar kyamara ta tsallaka ɗaya gefen, sai a ga duka ɓangarorin suna harbi waje ɗaya, kamar abokan juna ne. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin wannan fitowa, kuma ba ya gyaruwa da kyau a wurin tacewa.

In dole ne a tsallaka, a tsallaka a gaban mai kallo: kyamara ta zagaya tana ɗauka, ko a sa hoto ɗaya da aka ɗauka daidai kan layin, sannan a koma ɗaya gefen. Haka kuma duk bayan gaɓa ɗaya ko biyu a dawo da hoto mai faɗi wanda ya nuna kowa a inda yake yanzu. Daƙiƙa 2 ta isa. Sababbin daraktoci suna ƙyashin wannan hoto don suna ganin yana rage zafin faɗa, alhali shi ne yake ba hotunan kusa ma'ana.

Harbi kuma yana da ƙafa uku: mai harbi, abin da ya sa wa ido, da inda harsashin ya sauka. In an nuna na farko an bar na uku, harbin ya tafi a banza.

Wace irin bindiga

Nan ne za a yi tsayuwar daka, domin an sha rasa rai. Harsashin holoƙo, wato wanda ke da albarushi amma ba dalma a kansa, yana kisa. A 1984 ɗan wasa Jon-Erik Hexum ya ɗora bindiga mai irin wannan harsashi a gefen kansa yana wasa a wurin ɗaukar wani shirin talabijin a Amurka, ƙarfin iskar da ta fito ya fasa masa ƙashin kai, ya rasu bayan kwanaki. A 1993 ɗan wasa Brandon Lee ya rasu bayan an harbe shi a wurin ɗaukar fim ɗin The Crow: kan wani harsashin ado, wato wanda ake yi don gani kawai ba albarushi a cikinsa, ya maƙale a cikin bututun bindiga ba wanda ya duba, da aka sa holoƙo aka harba sai ya fito da shi kamar harsashin gaske. A watan Oktoban 2021 mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta rasu bayan an harbe ta a wurin ɗaukar fim ɗin Rust a jihar New Mexico, saboda harsashi mai rai ya shiga cikin na ado. A 2024 kotu ta ɗaure mai kula da makaman fim ɗin wata 18.

Don haka ga ƙaramin kamfani, shawarar ba ta da wuya: kada a kawo bindigar da za ta iya harba komai. Ana samun abin da ake so da iri biyu. Na farko bindigar roba, wadda ake zubawa a kan siffar ta gaske, ita ce ta gudu, faɗuwa, dukan mutum, da duk wanda ke nesa da kyamara. Na biyu bindigar wasa mai aiki da gas, wadda samanta ke ja da baya in an taɓa kunama, ita ce ta hoton kusa. Ita ma a zazzage ƙwayoyinta kaf, a leƙa bututun, domin ƙwayar roba tana fasa ido. Wutar bakin bindiga, hayaƙi da kwanson da ke tsalle duk a kwamfuta za a sa su.

In fim ɗin babba ne kuma an dage sai holoƙo, to sai da ƙwararren mai kula da makamai mai lasisi, wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Shi kaɗai ke ɗura bindiga, shi ke miƙa ta hannu da hannu, shi ke karɓa da an ce kat. Kafin kowace ɗauka zai buɗe ta a gaban ɗan wasa da mataimakin darakta, ya haska tocila cikin bututu kowa ya gani. Harsashin ado ana sa masa 'yan ƙwayoyin ƙarfe a ciki ko a huda gefensa, sai a girgiza kowane ɗaya a kunne a ji yana kacau-kacau. Wanda bai yi ƙara ba kuma ba huji a gefensa, a ware shi. Ba a saita bindiga a kan mutum, ana karkatar da ita gefe kaɗan, kusurwar kyamara ce ke sa a ga kamar a kansa take. Tazarar da aka saba bari a gaban holoƙo ita ce kamar mita 6, kuma mai kula da makamai na iya ƙarawa gwargwadon yawan albarushin, domin akwai cikakke, akwai rabi, akwai rubu'i. In za a harba wajen kyamara, a sa mata garkuwar roba mai kauri wadda ake gani ta cikinta, mutane su janye. Kowa ya toshe kunne: ƙarar bindiga tana haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma harbi ɗaya a rufaffen ɗaki yana iya lalata ji har abada. Harsashi mai rai kuwa ba shi da dalilin zuwa wurin, ko a aljihun mai gadi.

Ko da roba za a yi aiki, a sanar da 'yan sanda a rubuce, a faɗa musu rana, sa'a da wuri, a kuma bi maƙwabta gida-gida. A kafa alluna a kowace mashiga. Ɗan sandan da aka kira ya tarar da mutum a rufe da fuska riƙe da bindiga ba shi da lokacin tantance roba ce ko ƙarfe. Tsakanin ɗauka da ɗauka bindigogi su koma akwati, kada wani ya fita titi da ita a hannu.

Jikin ɗan wasa

Tunda bindigar ba ta tashi, jiki ne zai nuna ta tashi, kuma nan ake gane ƙarya. Yawancin 'yan wasa suna wurga hannu sama kamar masu jifa. Bugun ƙaramar bindiga gajere ne: wuyan hannu ya ɗaga kaɗan, kafaɗa ta girgiza, bakin bindiga ya dawo inda yake. A ba su kwana 2 ko 3 suna gwada wannan kaɗai, da yadda ake canza gidan harsashi ba tare da kallon hannu ba. Yatsa ya zauna a wajen kunama sai lokacin harbi. Mataimakin darakta ya riƙa buga katako biyu ko ya ce "fau" da ƙarfi a kan kowane harbi, don mai harbi da wanda aka harba da masu firgita duk su motsa a lokaci ɗaya.

Wanda harsashi ya sama ba ya tashi sama ya faɗa baya. Da harsashi na da ƙarfin ɗaga mutum, da ya kayar da mai harbin ma. Ƙafafu ne ke saki, mutum ya sulale inda yake, wani lokaci ma ya yi taku biyu bai san an same shi ba, sai ya kai hannu ciki ya ga ya jiƙe. Wannan taku biyun ya fi tsalle goma tsoratarwa. A shimfiɗa katifa a wajen da kyamara ba ta gani, a sa wa ɗan wasa kariyar gwiwa da gwiwar hannu a ƙarƙashin kaya.

Sai lissafin harsashi, wanda masu kallo ke yi ko ba a sa su ba. Bindiga mai juyawa yawanci 6 take ci. Glock 17 tana cin 17. AK-47 tana cin 30, kuma tana fitar da kusan 600 a minti, wato in an danne kunama daƙiƙa 3 ta ƙare. Jarumin da ya yi rabin minti yana feshi bai canza gida ba ya zubar da yardar da aka ba shi. A sa mutum ɗaya ya riƙe takarda yana ƙirga harbin kowa. Ƙarewar harsashi ma kyauta ce ga marubuci: lokacin da hannu ke rawa yana laluben aljihu, ga takun abokin gaba na matsowa, nan numfashin mai kallo ke tsayawa.

Jini, ƙura da gilas

Fashewar jini a jikin riga iri biyu ce. Akwai ta ɗan ƙaramin nakiya da ake ɗorawa a kan farantin ƙarfe a manna a jiki, wannan ta masu lasisi ce kaɗai, kada kowa ya gwada haɗa ta da kansa. Akwai kuma ta iska: siririn tiyo a bi da shi ta ƙafar wando zuwa ƙirji, a cika bakinsa da jinin wasa, a toshe da ɗan soso, ɗaya bakin a haɗa da famfon feshi da aka matse. A kankare rigar ta ciki da reza a daidai wurin har ta kusa hujewa, in ba haka ba jinin zai gangara ciki maimakon ya fito. Kowace riga a tanadi irinta 3 aƙalla, don ɗauka ta farko ba kasafai take yi ba.

Jinin wasa ana haɗa shi da kofi 1 na ruwan sukari mai kauri, babban cokali 1 na jan kala, ɗigo 2 ko 3 na shuɗi, da ƙaramin cokali 1 na garin koko don ya yi duhu. Ja zalla yana fitowa kamar fenti. A gwada shi a gaban kyamara da hasken da za a yi aiki da shi, domin abin da ido ya gani daban ne. Kuma jinin da ya yi awa ɗaya a labari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa.

Harbin da bai samu kowa ba shi ma a nuna inda ya sauka: a huda bango na wasa, a cika ramin da gari, a busa da tiyon iska. Gilas na gaske ba a fasa shi kusa da mutum, akwai na wasa da ake yi da wani irin danƙo mai saurin karyewa.

Game da lokaci, faɗan minti 2 yana iya cin hoto 40 zuwa 60, kuma kowace fashewar jini tana buƙatar canza kaya da goge wuri. A ware masa kwana 3, kada a matse shi cikin yammaci guda. Gaggawa da gajiya ne ke sa a tsallake duba bindiga.

A ɗakin tacewa

Wutar bakin bindiga firam 1 ce (firam shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su ba da motsi), in ta yi yawa 2, a fim mai firam 24 a daƙiƙa. Kada a maimaita hoton wuta ɗaya a kowane harbi, a canza girma da siffa, wasu ma a bar su ba wuta, musamman da rana. Haka yake ko da holoƙo aka yi aiki, domin idon kyamara a rufe yake kusan rabin lokaci, wutar kuma ba ta kai ƙiftawar ido ba. Abin da ke sa wutar kwamfuta ta zauna shi ne haskenta ya taɓa fuskar mai harbi da bangon kusa a wannan firam ɗin. In babu wannan za ta zama kamar an liƙa ta.

Sauti ya fi hoto aiki a nan. Harbi ɗaya ana gina shi hawa uku: ƙarar ƙarfen bindiga, fashewar kanta, da amsa-kuwwar wurin. Ta ukun ce ke gaya wa kunne ko a cikin sito ake ko a fili. Darakta Michael Mann, a fim ɗin Heat na 1995, ya bar sautin da aka naɗa a kan titin Los Anjelas lokacin ɗauka maimakon wanda aka haɗa a situdiyo, saboda yadda ƙarar ke dukan dogayen gine-gine tana dawowa, kuma har yau wannan amon ne mutane ke ambata in an zo maganar fitowar. A ba kowane ɓangare muryar bindigarsa, yadda ko an rufe ido za a san wa ya harba. A tuna da nisa kuma: sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka mai harbi daga mita 100 za a ga wutarsa, sai bayan firam 7 a ji ƙara.

Kada a cika ko'ina da kiɗa. A bar daƙiƙa 3 ko 4 na shiru a tsakiyar faɗan, a ji kwanso na gangarawa a kan siminti da numfashin wanda ya laɓe. Kunnen da bai huta ba yana daina jin ƙara. Tafiyar hawainiya kuma a ajiye ta don mutuwa ɗaya da ta fi kowace nauyi. Darakta Arthur Penn ya ɗauki ƙarshen fim ɗin Bonnie and Clyde na 1967 da kyamara 4, kowace da saurinta, kuma abin ya girgiza mutane ne don sun yi kusan awa biyu tare da waɗannan biyun kafin a kai nan.

Yadda masu kallo ke karɓa

Zauren kallo ɗaya yana ɗauke da mutane iri-iri. Akwai mai son zafin faɗa, akwai mai ƙirga harsashi, akwai wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa ta wannan hanya, akwai kuma matashin da ke kallon bos yana sha'awar tafiyarsa da sarƙar wuyansa. Na ƙarshen nan shi ne ya kamata ya hana darakta barci. Tun 1932 masu tace fina-finai a Amurka suka tilasta wa Scarface ƙarin take mai nuna abin kunya ne ga ƙasa, don tsoron ana ɗaukaka miyagu. A 1979 kamfanin Paramount ya janye tallan The Warriors na ɗan lokaci bayan an yi kashe-kashe da aka danganta da wuraren nuna shi.

Rubuta gargaɗi a farkon fim ba ya sauya komai. Abin da ke sauyawa shi ne inda kyamara ta tsaya bayan harbi na ƙarshe. In ta bi bos yana tafiya a hankali, kiɗa na tashi, hayaƙi a bayansa, an naɗa masa rawani ko me marubuci ya yi niyya. In ta tsaya a kan yaron gungun da ke danne cikin abokinsa da hannu biyu jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa, wayar mamacin na ta ruri a aljihu ba mai ɗagawa, to labarin ya zama wani daban, kuma faɗan bai rasa zafinsa ko kaɗan ba. A ba wannan ɓangare aƙalla rubu'in tsawon faɗan.

A san matakin shekarun da ake nema tun kafin ɗauka, kamar PG-13 da R a Amurka, ko 12A da 15 da 18 a Birtaniya. Hukumomin tacewa sun fi duba yadda aka daɗe a kan rauni da yawan jini fiye da yawan harbi. Taxi Driver na 1976 ya sami matakin R ne bayan an dusashe kalar jinin faɗansa na ƙarshe. Saboda haka kowane mummunan rauni a ɗauke shi sau biyu, ɗaya a fili, ɗaya daga nesa ko a kan fuskar mai gani, don in an ce a yanke a sami abin sakawa.

Kafin a rufe aiki, a tara mutum 20 zuwa 30 waɗanda ba su karanta labarin ba kuma ba su da dangi a cikin ma'aikata. A zauna a gefe ana kallon fuskokinsu, a rubuta mintin da wani ya ciro waya, da inda aka yi dariya ba a wurin dariya ba. Dariya a lokacin mutuwa yawanci tana nufin faɗuwar ta yi yawa ko jinin ya yi ja. Bayan an gama kada a tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. A miƙa musu farar takarda su zana wurin faɗan, su sa inda kowane gungu ya tsaya da inda ƙofar fita take, su rubuta wa ya mutu da wanda ya harbe shi, da wanda suka so ya tsira. In fiye da mutum 5 cikin 20 sun kasa zana taswirar, a koma a ƙara hoto mai faɗi a farkon gaɓar da suka ɓace. In kuma mafi yawansu sun rubuta sunan bos a tambayar ƙarshe alhali ba haka aka nufa ba, a duba kiɗan da ke ƙarƙashinsa da hoton da aka rufe fitowar da shi, a canza su, a sake nuna wa wasu mutanen daban.